Shekarar da Baba Ya Tafi Haƙar Kuza

Babanmu makaɗin noma ne. A ƙauyenmu, can gefen Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, ba a yin gayya sai da shi. In damina ta zauna, mai gona ya tara samari, Baba zai rataya ganga a kafaɗa ya bi bayansu kunya kunya, yana kiɗa yana yi wa kowa kirarinsa. Ya san taken kowane gida. Na sha ganin ƙato ya ji taken kakansa ya yar da hula, ya kama garma kamar zai raba ƙasa biyu.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, yayana namiji sai ni. Yaya ya isa aure a lokacin, shi ke yi wa Baba amshi da ƙaramar ganga. Ni kuwa "Uwata" Baba yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Aikina kai musu fura gona, a nan na haddace waƙoƙin ba wanda ya koya mini.

Lokacin babban yaƙin Turawa, aka aiko cewa kowane gari ya ba da mazaje su je haƙar kuza a ƙasar Jos. Bayan kaka ne, dawa ta shiga rumbu. Mai unguwa ya zo zaurenmu da hantsi, ya yi ta jan gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar girbi, har ya tambayi lafiyar jaki. Ina bayan zana ina ji. Daga ƙarshe ya ce Yaya na cikin waɗanda za su tafi.

Baba ya riga ya ga yadda waɗanda suka dawo a ɗiban farko suka lalace. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum aka ce a kawo, ko wane aka ce?"

"Mutum aka ce."

"To, ga mutum."

Yaya ya ce, "Baba, ni fa aka kira."

"Kai aka kira, ni na amsa. Zauna ka riƙe gida."

Da ƙafa suka tafi Ƙaraye inda ake tara su. Inna ta ɗaure masa garin gero da ƙuliƙuli a tsumma, ta ba shi gwadonta. Bai ɗauki ganga ba.

Da bazara ta yi, sanƙarau ya shigo gari. Gida biyar ko shida ya fara ɗauka, sannan ya zo namu. Yaya ya dawo daga saran itace yana cewa kansa zai fashe. Washegari wuyansa ya sandare, ya daina gane mu. Aka yi rubutu, aka yi tsaga, aka kawo saiwoyi. Rana ta uku da la'asar ya cika. Mazajen da suka rage a gari ba su da yawa, tsofaffi ne suka haƙa kabarin, ƙasa ta yi tauri kamar dutse, sai da suka yi ta zuba ruwa. Ba mu da hanyar aika wa Baba.

Ruwan farko ya sauka, ana shuka, Baba ya dawo. Inna na daka a tsakar gida sai ga mutum ya yi sallama da wata irin murya. Da ba don gwadon ba, da ban gane shi ba. Ya rame, ƙafafunsa sun tsattsage, yana tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya sha ruwa, ya ɗaga kai ya hangi ƙaramar ganga rataye jikin bango, fatarta ta saki.

"Ina yaron nan? Ya bar ganga ta lalace haka?"

Inna ta jingine taɓarya. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Malam, sai haƙuri. Mai shi ya karɓi abinsa tun bazara."

Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sake faɗa. Ya tambayi kwana nawa ya yi yana jinya, ya tambayi wa ya yi masa wanka. Sannan ya ce a nuna masa kabarin. Ni na kai shi. Ya daɗe a tsugune, da zai tashi sai da ya dafa kafaɗata.

Daminar nan aka yi ta gayya ba kiɗa. Ba wanda ya iya zuwa ya ce masa ya fito. Gonarmu kuma ciyawa ta cinye, don in ya yi kunya biyu sai tari ya durƙusar da shi. Ni da Inna muna yi da fartanya iya ƙarfinmu, amma gero ya fara ja.

Wata safiya sai muka tarar da sarkin noma da mutum kusan ashirin a gonar, ba wanda ya gayyace su. Suka kama aiki shiru, ba ka jin komai sai ƙarar garma da nishi. Baba ya zauna gindin ɗorawa yana kallonsu. Da rana ta take, hannuwa suka fara sanyi, ga rabin gona ba a taɓa ba.

Ya ce, "Uwata, je ki ɗauko mini ganga."

Na kawo. Ya ɗaure tsirkiyar ya shanya ta a rana ta ɗan kama, ya miƙe ya bi bayansu. Hannunsa bai manta ba, amma murya ta tafi. Ya ɗauko waƙa, ya kai gaɓar da Yaya ke amsawa, sai wurin ya zama fili. Ya sake kewayowa, aka sake yin shiru. A karo na uku na ji bakina ya amsa. Mace ba ta amshi a gayya a garinmu, amma ba wanda ya ɗago ya dube ni. Baba ma bai juyo ba, sai dai ya sassauta kiɗan yadda muryata za ta kai. Haka muka bi su har bakin iyaka. Da aka gama ya koma gindin ɗorawa ya yi ta tari, na ga jini a bakin rigarsa, ya naɗe wurin don kada Inna ta gani.

Ya yi sauran daminar yana fita gayya, ina biye da shi. In tari ya sarƙe shi sai in ɗauki waƙar duka har ya dawo. Mun ci geron shekarar. Da sanyi ya shigo ya kwanta, bai ga wata shuka ba. Har ya rasu bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani a wurin kuza ba, sai dai ko da zafi ake yakan ce a hura masa wuta.

Bayan takaba kawuna, yayan Inna, ya zo ya kwashe mu zuwa gidansa a Unguwar Hajji cikin Ƙaraye. Marini ne, mutumin kirki, amma ya ce gidansa ba a ajiye ganga. Aka ba wani makaɗi na Yola ta ƙasar Ƙaraye duka biyun. Ban ƙara yin waƙa a gaban maza ba. A Ƙaraye aka yi mini aure, a nan na haifi 'ya'yana.

Inna ta daɗe a duniya. Kaɗi ta kama, tana ba wata tsohuwa zare ta kai mata kasuwa, da shi ta tufatar da mu, ba ta taɓa kwana ba ta cika mazari ba sai in ciwo ya kayar da ita. Wata rana, na riga na yi 'ya'ya uku, muna zaune tana kaɗi, na tambaye ta ko ta taɓa jin haushin Baba da ya tafi.

Ba ta tsayar da hannu ba. Ta ce, "Haushin me? Ya ga rami ɗaya ya tare da jikinsa, bai san da wani a baya ba. Miƙo mini allin nan, hannuna ya yi gumi."