Cibiyar da Ta Ƙi Faɗuwa

Har aka yi suna cibiyar ƴata ba ta faɗi ba. A gidanmu, kafin a yanka rago cibiya ta riga ta bushe ta faɗi, tsohuwa ta ƙulle ta a tsumma. Tamu ta ƙi. Mahaifiyata ce ke yi wa matata wankan jego, ita ce kuma ke gasa cibiyar safe da yamma. Sai ta ɗora tsingaro a garwashi, ta ɗumama babban yatsanta a kai, ta danna wurin a hankali. Kwana goma, kwana goma sha biyar, abu na nan maƙale. Gefensa ya yi ja, amma a bushe yake.

A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Ina aiki a labo, ɗakin gwaji, na wata ƴar likita, wato ƙaramin asibiti, cikin garin Dakoro, ni ke ɗibar jini in leƙa shi a mikroskop. A unguwa lokotoro, wato dokta, ake ce mini, ban taɓa gyara wa kowa ba.

Akwai darasin da aka koya mana a Yamai wanda na haddace kamar karatun allo. Ƙwayar cuta irin ta bakteriya, duk abin da za ta ƙera na jikinta, da wani ɗan tambari take fara shi, ana ce masa formil. Naman jikin mutum ba ya sakin wannan tambari sai in ya fashe. Fararen ƙwayoyin jininmu kuma suna da wani abu a fatarsu, ka ce hanci, wanda aka yi don shi. Da zarar sun shaƙe shi sai labari ya shiga cikinsu, su canza siffa, su kama bangon jijiya, su kutsa su fita, su yi ta rarrafe zuwa inda warin ya fi ƙarfi. A can suke cinye cutar su mutu a kanta. Gawarsu ce muke kira mugunya. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci, na ajiye shi tare da takardun.

Wata safiya Inna ta gama gashi, ta kira ni gefe don kada matata ta ji.

"Wagga cibiya ba ta yi mini ba. Ja kawai, babu ruwa, babu ko ɗigon mugunya. Ni ban saba ganin ciwo hakanga ba."

Dariya na yi mata. Na ce, Inna, mutane na gudun mugunya ke kina nema? Don in kwantar mata da hankali, da kuma don in nuna mata aikina, na ɗauki jaririyar zuwa labo, na soki dunduniyarta, na shafa jinin a gilashi. Da na leƙa sai na ga fararen ƙwayoyi sun cika ido, ko'ina na juya su ne. Ban taɓa ganin yawansu haka a jinin jinjiri ba. Na dawo gida ina baza haƙora, na ce wa Inna jikarta ta fi kowa sojoji a garin nan. Ta dube ni, ta ci gaba da dama kunun kanwa.

Mako uku na ɓata da wannan alfahari. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Cibiyar ta faɗi bayan wata guda, ta bar rami. Jan ya bazu a ciki, zazzaɓi ya shigo. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, ya rubuta allurai, aka yi sati, jaririyar ta ɗan samu sauƙi, ta kama nono. Muna dainawa abu ya dawo. Ramin ya faɗaɗa ya kai girman bakin kofin shayi, cikinsa ja wur, tsaf kamar an wanke. Masu zuwa dubiya suna cewa alhamdu lillahi ai ciwon ba shi da dauɗa. Ni ma haka nake cewa, amma na fara daina cin abinci.

Da kukanta ya koma ƙasa ƙasa, muka shiga motar Maraɗi, ni da matata da Inna. Likitar yara da ta duba ta wata mata ce mai ƙarancin magana. Ta tambayi ranar da cibiya ta faɗi. Ta tambaya ko ni da matata dangi ne, na ce ɗiyar ƙanen babana ce. Na miƙa mata takardar ƙirgen da na yi, har yanzu da sauran taƙama a hannuna. Ta karanta, ta buɗe bandejin, ta daɗe tana kallo.

"Kai ka ƙirga su?"

"Ni ne."

"To, in suna da yawa haka cikin jini, don mi babu ko guda bakin ciwon?"

Na zauna a kan bencin da ke wurin. Darasin nan duka ya dawo mini a lokaci guda, kuma ya dawo a makare. Ta ce mini da faransanci ba su da na'urar da za ta tabbatar, amma alamun sun haɗu. Hancin ƙwayoyin lafiyarsa lau, suna jin warin cutar. Abin da za su kama bangon jijiya da shi ne babu, tun daga halitta. Jini sai ya kwashe su ya wuce da su ta gefen ciwon, ya zagayo ya sake wucewa. Jiki kuma yana jin kira bai daina ba, sai ya yi ta ƙero wasu. Yawan da na yi murna da shi, shi ne alamar cewa babu wanda ya isa. Magani na gaskiya, in ji ta, dashen ɓargo ne, ba kuma a nan ake yin sa ba. Abin da za su iya shi ne allura da serom, wato ƙarin ruwa, a ja kwanaki.

Muka yi sati biyar a can. Kowace safiya ni ke riga ma'aikaciyar jinya buɗe bandejin. Ina neman ɗigon fari ko da ɗaya ne. Na roƙi Allah a sujada ya nuna mini mugunya a jikin ƴata, ban ji kunyar roƙon ba. Na lallaɓi mutanen labo ɗinsu suka bar ni na shafa ruwan ciwon a gilashi. Ƙwayoyin cuta ne birjik, suna sha'aninsu, babu mai ce musu kanzil. Na yi haka sau huɗu kafin Inna ta riƙe mini hannu ta ce ya isa. Na nemi a ɗebi jinina a sa mata, aka ce ba ya ɗorewa. Na buga waya duk inda na san wani da ya san wani. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe.

Ta rasu wata Talata da hantsi, ba ta cika wata uku ba.

Matata ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Bayan mun koma Dakoro da kamar wata biyu, ina zaune a tsakar gida da rana tana tsince wake, sai ta ce in gaya mata abin da likitar nan ta faɗa, da Hausa, don ita ba ta ji faransancin ba. Na gaya mata duka, tambarin, da hancin, da bangon jijiyar. Ta saurara hannunta na cikin faifai.

"Kenan fararen ƙwayoyin sun ji ta?"

"Sun ji ta."

"Kuma suna son zuwa."

"Suna so. Ba su iya ba."

Ta gyaɗa kai, ta ture tsakuwa guda gefe.

"Ashe kamar mu," ta ce.