Bular da Baba mai wanki bai zuba ba

Shekarun baya, lokacin ina sabon buɗe shagon hoto a Daura, na sayo wani gilashin kyamara a Kano, na hannu. Ba wanda ya huta da ni. Ko gaisuwa ka shigo sai na ciro shi na nuna maka.

Da shi na ɗauki ɗaurin auren 'yar kawun abokina, wani Alhaji mai harkar dabbobi ta Kongolam. Alhajin ya sha farar shadda, rana ta take, na jera su da 'yan'uwa na ɗauka, shi yana can gefe. Da na kai masa babban hoton, sai ga bakin rigarsa da hannuwanta sun yi shuɗi-shuɗi. Hajiya matarsa na gani ta ce ai mai wanki ne ya cika bula. Rigar kuwa ba halin a duba, don a ranar ya tuɓe ta ya ba wani ɗan'uwansa da ya zo daga Nijar. Nan take aka aika aka kwaso kayan gidan daga wurin Baba, dattijon da ke musu wanki da guga tun abokina yana goye.

Ni dai na san da idona rigar nan fara ce fat. Amma in buɗe baki in ce gilashin da na cika gari da shi ne? Kwana huɗu ina ta yi wa kaina wayo.

A na biyar na kasa. Na samu farin kwali na ja baƙaƙen layuka, na kafa shi a bango cikin rana. Na ɗauka layin yana tsakiya, na ɗauka yana gefe, na buɗe ƙofar da haske ke shiga gilashin, na tsuke ta. Sai na zuba a kwamfuta na faɗaɗa har hoton ya koma ɗigo-ɗigo, na shiga ƙirga. A tsakiya ɗigo ɗaya ne ya yi shuɗi, a gefe har bakwai, ɗaya ɓangaren layin kuma ja-ja. Gilashin ba ya tara launuka wuri guda, shuɗi ya sauka nan, ja ya sauka can. Kwalin nan dai ba wanda ya taɓa wanke shi.

Na san in na kai wa Alhaji zancen ɗigo, kallona kawai zai yi. Sai na roƙi a fito da farin ragonsa tsakar gida, na ɗauka yana gefe, na faɗaɗa na miƙa masa. Ga rago da shuɗin baki kamar an yi masa ado.

Na ce, “Alhaji, shi ma wannan Baba ne ya wanke shi?”

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce in ɗauki kayan wankin da kaina in mayar wa Baba, tunda ni na haɗa abin. Gaskiyarsa.

Na tarar da Baba yana hura gawayin dutsen guga. Na durƙusa na yi masa bayani, ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya aje mafici ya ce, “Alhamdu lillahi. Ɗana, na ɗauka idona ne ya fara tafiya. Har na ce wa tsohuwata bayan Sallah zan aje aikin.”

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Yau ba gilashin da ke zuwa gidan biki a jakata sai ya bi ta kan kwali, kuma a wannan fanni ba na jin tsoron kowa. Gwajin da ya wanke Baba bai ci mini awa ɗaya ba. Kwana huɗun da dattijon nan ya yi yana zargin idonsa, ni na ɗora masa su, kuma har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.