Makarar Aro

Kayan aikina duka a buhun taki ɗaya suke shiga: waya mai tsagaggen gilashi, gorar da nake ɗaure makirufo a kanta, da murfin tukunya na haska fuska. Da su na yi ta haɗa gajerun finafinai tsakanin Funtuwa da Malumfashi, waɗanda ko masu tura fim a waya sai na roƙa suke karɓa.

Wata damina labarina ya buƙaci gawa. Samarin ƙauyenmu na gefen Bakori, masu rububin fitowa a ɗan sanda, kowa ya ce Allah ya kiyaye. Sai wani tsoho maƙwabcinmu, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a gidan gurzar auduga ya dawo ba mata ba ɗa, ya ce shi zai kwanta.

Na ce, "Baba, ba ka tsoro?"

Ya ce, "Tsorona ɗaya ne, yaro, kada a kai ni ba mutane. Bari in gani tun da raina."

Muka ari makara wurin ladan, muka lulluɓe shi da tabarma, muka bi hanyar gonaki. To a wajenmu ba a ganin makara a ci gaba da noma. Mutane suka riƙa yar da fartanya suna biyo mu da salati, wani ya karɓi wani a ɗauka, ba mai tambayar ko wane ne. Ni kuwa na ƙi gaya musu fim ne, ina ta ɗaukar su a waya, gaba ta kai ni, na sami taro a ɓagas.

A bakin maƙabarta tsohon ya yaye tabarma ya tashi zaune. Wasu suka faɗa cikin masara da gudu, wasu suka tsaya suna tsine mini. Shi ko kallonsu kawai yake yi, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ashe ina da jama'a!" Daga ranar kullum sai ya zo in kunna masa wurin a waya, yana nuna kowa da yatsa yana sa masa albarka.

Da damina ta zagayo ya rasu da hantsi, gari duk an watse gona. Mu 'yan tsiraru muka sallace shi, muka ɗauko shi a makarar nan, muka bi hanyar nan. Ba waya a hannuna, ba gora. Manoma suka ɗago, suka ga makara, suka gan ni, suka sake sunkuyawa.

Na yi ta ihu, "Wallahi yau ta gaske ce!"

Wani ya amsa daga cikin dawa, "Mai fim, in ya tashi ka gaishe shi!"

Na gyara makarar a kafaɗa, muka ci gaba. Har muka isa bakin kabari ba wanda ya zo ya karɓe mu.