Baffa Ya Cika

Jama'a, yau na yi zaman makokin mai rai!

Ina tankaɗe na jiyo ɗana Nura a waya: "Oga, baffa ya cika, a cekfoyin matsalar take." Ga Baffansa ya tafi Maigatari tun safe, hanya duk shinge! Na saka salati. Maƙwabta suka cika gida, aka shimfiɗa tabarmi.

Nura ya fito a guje: "Umma, baffan kwamfuta nake nufi! Ma'ajiyar bayanai ce ta cika, cekfoyin kuwa lokacin juye su ne. Lissafinsu nake karanta wa oga!"

Bai rufe baki ba sai ga Baffa da sallama. Mata suka watse da ihu! Ya zauna, ya ɗaga hannu: "Allah ya jiƙan Musulmi. Maman Nura, wa aka rasa?"