Ranar da Baba Ɗan'azumi Ya Hutar da Fanka

Ban taɓa ganin mutumin da ya haɗa tausayi da taurin kai irin Baba Ɗan'azumi ba, kuma har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Sunana Sha'ibu, tela ne ni a Sabon Gari, nan Damagaram. Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da ɗakin wasan da ya tsare, don haka komai a kunnena ya faru.

Mutumin Guna ne. Ya shigo birni tun yana saurayi, bayan sun yi kaca-kaca da ƙanensa Garba a kan gonar gado. Ya bar masa gonar, ya rantse ba zai sake kwana a gidan ba. Sana'ar da ya kama ita ce ruwan sanyi. Randunansa na jere a bakin Kasuwar Dole, ya binne gindinsu cikin rairayi, ya naɗe su da buhun algarara, yana yayyafa wa buhun ruwa yini guda. Tsofaffin unguwa sun ce ruwansa har haƙori yake kamawa. Sai firigo ya zo, ruwan leda ya biyo baya, aka daina waiwayar randa. Matarsa ta rasu, ƙarfi ya fara ƙarewa, Garba kuwa sai aike yake yi wai ya dawo, akwai ɗaki a bayan gida kusa da turken awaki. Baba ya fi son a yanka shi da ya shiga ɗakin nan.

Wanda ya cece shi ɗan Garban ne, Abdulmumin. Shi ya buɗe ɗakin wasan: tele guda, wato talabijin, benci biyu, da baƙin injin wasa da samari ke buga ƙwallo a kai. Da ya samu aikin tuƙi a Agadas sai ya damƙa wa tsohon mabuɗi a gabana.

"Baba, ka riƙe min. Muddin injin nan na aiki, kana da abinci, kana da wurin kwana."

Baba bai san kan wasan ba ko kaɗan. 'Yan ƙwallon da ke cikin tele "mutanen gilashi" yake ce musu, kuma yana mamakin yadda ba sa tsayawa shan ruwa. Amma ya riƙe amana. Ya share, ya goge, ya hana shan taba a ɗakin. Lokacin sanyi ya wuce lafiya lau.

Bazara ce ta ɓata komai. Wanda ya san garin nan ya san yadda duwatsunmu ke shan rana su amayo ta, ga ɗakin rufin kwano, taga ɗaya. A cikin injin akwai wata 'yar fanka da ke fitar da zafi ta ƙananan ramuka. Da safe ba ka ma jin ta. Hantsi na dubawa sai ta fara gunaguni. Kafin azahar, lokacin da 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ke tasowa su cika ɗakin, ƙararta ta koma kamar injin markaɗe, har tana danne ƙarar keken ɗinkina.

Ni ƙara nake ji. Shi kuka yake ji.

"Sha'ibu, kana jin baiwar Allahn nan? Wahala take sha fa."

Sai ya dinga tsayar da wasa ana tsakiyar bugawa, wai a bar ta ta numfasa. Samari su yi ta tsaki, wasu suka koma wani ɗakin wasa a Zango. Da na ga abin zai taɓa tuwonsa, na kirawo Mala mai gyaran tele da wayoyi. Mala ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba, akwai wani ɗan abu a ciki da ke jin zafi. In zafi ya ƙaru, sai ya ce wa fanka ta ƙara gudu. In ya ragu, ta sassauta da kanta. Wannan ƙarar lafiyarta ke nan. Ranar da ka ji ta yi shiru cikin zafin nan, ranar za ka tsorata. Ka ɗora injin a kan bulo, ka janye shi daga bango, ka bar ƙofa a buɗe. Ramukan nan dai, don Allah kar ka rufe su."

"To, to. Allah ya yi albarka."

Na san irin wannan "to" ɗin na manya. Ta nan kunnen ta shiga, ta can ta fita. Mala na juya baya Baba ya ce min, "Yaron nan bai taɓa kiwon jaki ba. Ka ga dabba na haki, ka ce lafiyarta ke nan?"

Ba a jima ba, wata rana na ji ƙarar ta wuce yadda na saba, kamar za ta tashi sama. Na leƙa, sai ga injin an naɗe shi tsaf da jiƙaƙƙen buhun algarara, Baba na tsugune da moɗa yana yayyafa masa ruwa. Na fizge buhun na jefar waje.

"Baba, kashe ta za ka yi! Randa gumi take yi, wannan numfashi take yi. Ka toshe mata hanci!"

"Kai Sha'ibu, ni za ka koya wa sanyaya abu? Ina sanyaya ruwan garin nan uwarka ba ta yi aure ba."

Ya daina amsa gaisuwata. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ba wawa ba ne. Abin da ya sani gaskiya ne, ya ci abinci da shi shekara da shekaru. Kawai dai ba na wannan abin ba ne, kuma ba mai iya raba shi da shi.

Ranar Alhamis ta kasuwa na tafi sayen zare, na daɗe. Rana ce irin wadda kwalta ke kama takalmi. Da na dawo na ji hayaniyar samari a ɗakin, amma babu ƙarar fanka. Na shiga na iske Baba fuskarsa fal murna, har ya manta muna faɗa.

"Zo ka ji, Sha'ibu. Na hutar da ita. Ta samu barci."

Ya zura sillen kara ta cikin ramukan ya tokare fankar, ya kuma mayar da buhunsa a kai. Samarin suka ce injin ya yi ta kashe kansa, shi kuma yana ƙara wa buhun ruwa yana sake kunnawa. Ban kai hannuna ba tele ta yi baƙi. Warin roba ya cika ɗakin.

Mala ya zo ya kwance injin a kan bencina. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye abin aikinsa.

"Ya tafi, Baba. Zafi ya dafa cikin, ruwa ya ƙarasa shi." Ya ciro fankar ya haɗa ta da batir, sai ga ta tana juyawa sumul. "Ita kaɗai ta tsira."

"Ba ta ji ciwo ba dai?" in ji Baba.

Wallahi na fita waje, don in na tsaya zan faɗi abin da bai dace a faɗa wa dattijo ba.

Abdulmumin ya kira daga Agadas. Yaron kirki ne, bai ɗaga murya ba, ya ce ƙaddara ce. Amma ba shi da halin sayen wani, mai gidan da ya ba shi haya kuma ya karɓi ɗakinsa ya ba mai cajin wayoyi. Na nemar wa Baba gadi, aka ce ya tsufa. Na ce ya riƙa kwana a shagona, ya ce ba zai zama kaya a kan ɗan wani ba alhali yana da dangi. Garba ya aiko a ce masa ya taho.

Na raka shi tasha da safe, ina ɗauke da tabarmarsa da buta. Da motar Guna ta kusa cika, sai ya kama hannun rigata.

"Sha'ibu, faɗa min tsakaninka da Allah. Da na bar ta tana ta wannan kukan, da yanzu ina nan?"

"Da kana nan, Baba."

Ya saki hannun rigata.

"To ai ba zan iya barin ta tana kuka ba," in ji shi.

Ya karɓi butarsa ya hau mota.