Telan da Na Ƙirƙira a Kwamfutar Yaya

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen 'ya'yana, ba na jin zan manta da ranar da na hau babur na zaga rabin Dutse ina cigiyar mutumin da ni na ƙirƙire shi da yatsuna biyu. Wauta ce 'yar ƙarama, irin wadda yaro zai yi, ya yi dariya ya wuce. Tawa ce dai ta ƙi wucewa, ta sami wuri ta zauna tana jirana.

Lokacin ina sakandare, a shekarun da maganar shari'a ta cika gari, mu yara in mun zauna sai kowa ya riƙa auna bulalar da laifuffukansa za su ja masa. Abokaina sun ce ni sai an yi hayar masu duka daga Kano, na gida za su gaji. Yayana yana da ɗan ɗakin gwajin jini kusa da asibiti, ya sayo kwamfuta ya girke ta a kan teburi, kullum a lulluɓe da mayafi kamar amarya. Niyyarsa mai kyau ce. Duk wanda aka gwada jininsa, ya kuma yarda zai bayar in an nema, sai a sa sunansa da unguwarsa da rukunin jininsa a ciki, don ranar gaggawa kada a tsaya birkita katuna.

Ranar da aka haɗa ta, mutumin da ya kawo ta ya ce in shigar da mutum ɗaya na wasa don hannuna ya saba, in na gama in goge. Na gyara zama kamar babban sakatare. Na ɗauki sunan malaminmu na lissafi na haɗa da na mai tsiren bakin titi, na ba mutumin sana'ar ɗinki, na zaunar da shi a unguwar bayan tasha. Da na zo wajen jini sai na ce a'a, mutumina ba zai yi jinin gama-gari ba. Na zaɓa masa rukunin da na sha jin Yaya yana cewa samunsa sai an sha wuya. Na gama, na yaba wa kaina, sai gogewa ta gagare ni. Mai kwamfuta ya riga ya kama hanyar Kano. Yaya ya dawo daga masallaci ya tambaya ko na goge, na ce ai tuni. Muna hutun makaranta a lokacin, duk hutun nan ni na riƙa shigar da katunan gaskiya, namu da waɗanda 'yan agaji suka kawo, mutanen da Yaya ma bai san yawancinsu ba, duk suka jeru a ƙarƙashin telana. Ni kuwa na manta da shi sarai.

Ga halin wannan na'ura. In ka tambaye ta mai jini kaza, daga sama take farawa tana bin layi, da zarar ta ci karo da na farkon da ya dace sai ta tsaya cak, ta nuna maka shi kaɗai. Ko da akwai wasu a ƙasa ba za ta faɗa ba, sai ka sake taɓa ta. Telana kuwa shi ne a kan gaba, ya riga kowa shiga.

Wata Asabar da hantsi ina shara a ɗakin, wani magidanci ya shigo ba ko sallama, takalmi a ƙafa ɗaya, gefen rigarsa duk jini. Manomi ne daga wani ƙauye ta wajen Jahun. Matarsa ta haihu a gida, jaririya tana lafiya, amma jini ya ƙi tsaya wa uwar. Sun kawo ta asibiti, an gwada shi, an gwada ƙannensa da mahaifiyarta, babu wanda nasa ya dace, kuma babu irinsa a ajiye. Wata nas ce ta rubuta masa rukunin a takarda ta ce ya ruga wurin Yaya.

Yaya ya karanta takardar, na ga ya ciji leɓe. Ya yaye mayafi, ya buga haruffan, muka zuba ido. Sai ga suna ya fito. Yaya ya ce:

"Alhamdu lillahi. Ga wani nan kusa, bayan tasha. Tela ne."

Ina tsaye a bayansa da tsintsiya a hannu. Da na ga sunan malamin lissafi manne da na mai tsire, sai na gane telana ne. Mutumin nan ya ɗaga hannuwa sama yana godiya ga Allah. Yaya bai ga dalilin neman wani ba tun da ga na kusa, ya juyo ya ce ni na shigar da shi, na san unguwar, in raka su yanzu.

A nan ya kamata in buɗe baki. Yau da na girma na san kalma biyar ta isa. Amma a lokacin abin da nake gani shi ne tafin hannun Yaya, wanda in ya sauka a kuncin mutum sai ya ji kiran sallar Makka. Na kuma ruɗi kaina da cewa Dutse babban gari ne, ƙila akwai tela mai wannan suna, ƙila ma jininsa ya zo daidai. Haka shaiɗan yake yi wa yaro lissafi, ya fi malaminmu iyawa.

Muka tare ɗan acaɓa a bakin titi, gab da rumfar wani mai faci. Ni a tsakiya, magidancin a baya, ina jin bugun ƙirjinsa a gadon bayana. Ɗan acaɓan da ya ji abin da ake ciki bai ko tsaya ciniki ba, ya murɗa.

Abin da ya faru a bayan tasha har yau yana ba ni mamaki. Na zaci mutum na farko zai ce babu mai wannan suna, mu juya, in tsira da mutuncina. Ina! Mai shayin bakin lungu yana jin sunan ya ce ai ya san shi, dogon nan mai gemu, mu bi ta bayan masallaci. Muka sami dogo mai gemu a kan keken ɗinki, ya ce ba shi ba ne, amma kamar wanda ya tare kusa da injin niƙa ake nufi. Yara suka bi mu a guje, kowa yana nuna gida daban. Ni da na ƙera mutumin ban ba shi gemu ba, ban ba shi tsawo ba, amma kafin mu kai ƙarshen lungu 'yan unguwa sun yi masa mata biyu da ɗingishi. Ba mugunta ba ce, kowa so yake ya taimaka, ba wanda ya iya kallon rigar mutumin nan ya ce bai sani ba. Rana kuwa tana ta ɗagawa, inuwar katangu tana janyewa.

A wurin injin niƙa wata tsohuwa ta ɗaga murya saman ƙarar inji ta ce ai wannan tela ya tafi Kiyawa tun da safe kai ɗinki, in mun yi sauri za mu iske shi. Ɗan acaɓa ya duba mai a tanki, ya ce zai kai mu. Muka fito babban titi, gidaje suka fara ja baya, duwatsu suka koma bayanmu. Nan ne na fara lissafin gaskiya. Zuwa Kiyawa, da cigiya a can, da dawowa hannu wofi, matar da jini ke zuba ba za ta jira duk wannan ba.

Sai magidancin ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ɗan samari, Allah ya yi maka albarka. Ka bar aikinka kana ta wahala da mu. Ta ce mini kada in daɗe."

Da zagina ya yi da na daure. Wannan addu'ar ce ta karya ni. Na daki kafaɗar ɗan acaɓa na ce ya tsaya, ya gangara gefen titi.

"Baba, babu wannan telan."

"Rasuwa ya yi?"

"Ba a taɓa haihuwarsa ba. Ni na rubuta shi, da wasa."

Bai gane ba sai da na maimaita, ina yi ina kuka, majina har haɓa. Ɗan acaɓa ya sauko ya cafki wuyan rigata, ya ce yau sai ya kai ni gaban alƙali da kansa, ɗan banza mai wasa da ran mutane. Na riga na sallama, har na fara jin zafin bulala a bayana. Magidancin bai ɗaga murya ba. Ya cire hannun ɗan acaɓan daga wuyana a hankali.

"Bar shi. Juya da mu."

Ban taɓa hawa babur mai gudun wannan ba. Muka iske an ɗauke wuta. Yaya yana tsaye a ƙofa da jakar ɗibar jini a hannu, yana leƙen bayanmu ko zai ga tela. Na faɗa masa a tsaye, ban ko sauka daga babur sosai ba. Na rufe ido ina jiran mari. Bai zo ba. Ya ce kawai in ta da janareto.

Na ja igiya, ya yi tari ya mutu. Na sake ja har fatar yatsana ta saluɓe, sannan ya kama. Kwamfutar nan kuwa ta ɗauki lokacinta tana farkawa, tana 'yan ƙararrakinta kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana, mu huɗu har da ɗan acaɓan muna tsaye a kanta. Yaya ya sake buga rukunin. Telana ya sake fitowa, ko kunya babu. Yaya ya danna maɓallin da ke ce mata ta ci gaba da nema. Ta ɗan yi jim, ni kuwa na ƙura mata ido, domin in babu kowa a ƙasa, to safiyar da na ɓata ita ce duk abin da matar nan take da shi.

Wani suna ya fito. Sana'a: faci. Wurin zama: bakin titin asibiti.

Mai facin da muka hau babur a gaban rumfarsa ne. Tun safe yana nan, tsallaken titi kawai, yana dulmuya tayoyi a ruwa yana neman huji. Yaya ya tsallaka da kansa ya kamo hannunsa. Mutumin bai tambaya ko wace ce ba, ya goge hannu a wando, ya ce wa yaronsa ya kula da rumfa. Yaya ya sake gwada jininsa a gabanmu, don a ranar bai ƙara yarda da komai da yatsana ya taɓa ba. Ya dace. Aka ɗiba, Yaya ya rungumi jakar ya ruga asibiti, magidancin yana binsa da takalminsa ɗaya.

Na bi su daga nesa na raɓe a gindin wata bishiya. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya dube ni. Mahaifiyar matar tana zaune a tabarma da jaririya a cinya, tana jijjiga ta, bakinta yana motsi. Na yi wa Allah alkawura a wurin nan waɗanda ko waliyyi ba zai iya cikawa ba. Aka kira azahar, aka yi, muka dawo. Sai dab da la'asar nas ɗin ta leƙo ta ce ta buɗe ido, tana tambayar 'yarta.

Tun daga ranar ban ƙara ajiye ƙarya, ko ta wasa, a wurin da wani zai zo nema ranar da ya rasa mafita ba. Kuma duk abin da aka nuna mini aka ce shi ne na farko, sai na tambaya wane ne a bayansa.

Matar ta yi kwanaki a asibiti, ta koma gida da 'yarta a goye. Mijin ya dawo bayan suna ya kawo wa mai faci zabi biyu, ya gaisa da Yaya, ya amsa gaisuwata bai kalle ni ba. Yaya bai taɓa dukana a kan maganar ba. Ya sa na bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya ina gwada su da katunansu, ya goge telan da hannunsa, ya mayar da mayafi. Ban sake taɓa kwamfutar ba har na gama sakandare.