Makullin da ke Mazagin Kawu Sakatare

Duk wanda ya san Kawu Bawa ya san jan biron nan da ke maƙale a naɗin hularsa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa masallaci, har banɗaki ma ina zargin tare suke shiga. Ka je masa da magana, komai ƙanƙantarta, zai saurare ka har ka gama, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To, kawo a rubuce." Shi ya sa daga ƙauyenmu har Bakura ba mai kiransa Bawa, sai Sakatare. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma na fi kowa yi masa dariya. Na kuma fi kowa cin moriyarsa, domin ba don taurin kansa ba, da yau ina yawo da jinin maƙwabcina a hannu. Zan zo wurin, amma bari mu fara da dariyar.

Aikin da ya yi dai masinja ne a ma'aikatar tsaro. Ya fara tun tana Ikko, ya bi ta Abuja da aka kwashe, ya yi ritaya ya dawo gida da akwati ɗaya. Masinja fa, mai kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan! Amma idan ya zauna a gindin dogon yaro yana ba da labari, sai ka rantse shi ya aza harsashin ginin.

"Ku ba ku san komi ba," in ji shi. "Kun ga soja da bindiga kun aza shi na babba. Ina! Bisa gare shi akwai manyan hafsoshi, na ƙasa da na ruwa da na sama, da babbansu. Bisa gare su akwai minista, hwarar hula, ko wuƙar yankan hwarce babu ga aljihunai. Bisa ga minista sai shugaban ƙasa. Takarda ka tahiya, kana soja shi tahi."

"To Kawu, kai ina kake a wannan jerin?"

"Ni ka ɗaukar takardar. In niz zamna, kowa ya zamna."

Ya ce ya ga zamanin da masu kaki suka hau kujerun da kansu, ya kuma ga dawowar masu babbar riga. Na farkon bai taɓa yi masa daɗi ba, wai mutum ɗaya ne ke riƙe da bindiga, shi ke rubuta wa kansa izini, shi ke sa hannu. Daga nan sai ya shiga labarin janar ɗin da ya taɓa zaunarwa a benci domin fayil ɗinsa bai fito ba. Farkon jin da na yi wa labarin, janar ɗin taurari biyu ne a kafaɗarsa. Da na yi aure sun zama huɗu. Ranar sunan ɗana na fari sai ga su bakwai! Wani tsohon soja daga Maradun da ke wurin ya kasa daurewa.

"Haba Sakatare, babu janar mai taurari bakwai a duniya."

"Kai kaƙ ƙirga ko ni? Kai da ko ka gan shi ƙasa kaka dubi!"

Tsohon sojan ya koma kan tuwonsa.

Gidansa ma bai tsira ba. Ya raba 'ya'yansa runduna uku. Masu tsare gonar gero daga awaki su ne sojan ƙasa. Mai jawo ruwa zuwa fadamar shinkafa shi ne sojan ruwa. Masu korar tsuntsaye da gwangwani da majajjawa kuwa, wai su ne sojan sama. Mun ce masa tunda haka ne ai shi ne minista. Ya ce Allah ya kiyaye, ministoci nawa ya ga shigarsu ya ga fitarsu, sakatare ne ke daɗewa. Sai ya naɗa matarsa Inna Hajo minista, tunda abinci a hannunta yake.

Ya yi da-na-sanin wannan naɗin. Wata rana Inna ta ce tana son yanka jan zakaransa, 'yan'uwanta za su zo daga Garbadu. Ya ce ta kawo a rubuce, alhali ya san sarai ba ta taɓa riƙe biro ba. Da azahar sai ga kwano an dire masa, cinya na leƙowa daga miya.

"Hajo! Wa yas sa hannu?"

"Minista."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya wanke hannu ya ce, "An bi ƙa'ida." Har ƙashin ya tauna.

To, shekarun nan da tsaro ya lalace mana, kun san yadda aka yi. Matasa muka kafa ƙungiyar sintiri, aka ba ni shugabanci, saboda ƙarfin murya ina jin, ba don hankali ba. 'Yan bindigoginmu na harba-ka-ruga aka tara su a wani shago kusa da masallaci. Da aka zo maganar wanda zai riƙe makulli, mai gari ya ce a ba Sakatare, tunda shi ya yi aikin tsaro. Mutane suka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce sharaɗinsa ɗaya: bindiga ba ta fita sai mai gari ya sa hannu. Muka ce mun ji, don mu rabu da shi.

Wata Talata da safe na shiga garke na tarar babu shanun nomana guda biyu. Su ne duk abin da na mallaka, ga damina ta kankama. Muka bi sawu, sawu ya miƙe ɗoɗar ya nufi rugar Arɗo Jaɓɓi, Fulanin da suka zauna a bayan gari tun kafin a haife ni. Ban tsaya tunani ba. Kafin hantsi na tara mutanena, muka yi wa ƙofar Kawu tsinke. Yana zaune kan buzu yana shan kunu.

"Kawu, makulli!"

"Garba, ko gaisuwa babu? An kwana lahiya?"

"Ba lafiya ba! An kwashe mini shanu, sawu ya shiga ruga. Ba mu makulli!"

"Ina takardar mai gari?"

"Yau Talata, ka san yana kasuwar Mafara!"

"To minista ya yi tahiya. Sai shi dawo."

Wallahi ji na yi kamar in ɗaga shi in girgiza. Na ce ko ya bayar ko mu karɓa. Sai ya ajiye ludayi, ya miƙe, ya ɗage rigarsa har ƙirji. Ga makullin nan ƙulle a mazagin wandonsa, ya yi masa ƙulli ya fi biyar.

"Ga shi nan. Wanda ka so, shi zo shi tuɓe ni gaban jama'a. Garba, kai ɗan ƙanwata na, kai ya kamata ka hwara."

Ƙarti sun fi ashirin, kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai kwance wa dattijo wando da rana tsaka, ga mata na leƙe ta kan danga? Wani ya ce a fasa ƙofar shagon. Kawu ya ɗauki buzunsa, ya taka a hankali, ya shimfiɗa a bakin ƙofar ya zauna, ya aika a kawo masa sauran kununsa.

Sannan ya zaro biron, ya yago takarda daga wani tsohon littafi ya miƙo mini. Ya ce kafin mai gari ya dawo gara mu rage aiki. A ma'aikata, in ji shi, ba a cewa za a yaƙi "su". Sai an faɗi ko su wa.

"Rubuta sunanka da na ubanka. Ƙasa kuma ka rubuta sunan wanda za ka halbi."

"Ɓarayi mana!"

"Ɓarayi ba suna ba na. Rugag ga duk ka san su. Arɗo za ka halbi, ko Buba ɗanai? Rubuta, in kai ma mai gari."

Na karɓi biron a fusace. Na rubuta sunana, na rubuta na mahaifina. Na sa biro a layi na ƙasa, sai hannuna ya tsaya. Buba ne ya koya mini ɗaura wa sa igiya. Uwarsa ce ke kawo mana nono tun ina yaro. Na yi ta kallon takardar nan, zufa na ɗiga a kanta, na kasa rubuta ko harafi ɗaya. Na miƙa wa na kusa da ni, ya noƙe kafaɗa. Haka biron ya zaga ya dawo hannun mai shi.

Muna nan cirko-cirko har aka kira azahar. Sai ga Arɗo Jaɓɓi tafe da sanda, ba hula, ƙafafunsa duk taɓo. Ashe waɗanda suka kwashe nawa ta rugarsa suka bi, suka haɗa da garkensa gaba ɗaya. Buba ya yi ƙoƙarin tare su, suka sare shi a kafaɗa. Arɗo ya zo ne neman wanda zai taimaka a kai shi asibiti. Wurinmu ya zo neman taimako, jama'a, wurinmu!

A bayan babur ɗina aka kai Buba Talatar Mafara, wani na riƙe da shi. Duk tsawon hanyar yana ce mini na gode, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Shanuna dai har yau ban sake ganinsu ba, damanar nan da hannu na yi noma. Da na je gaida Kawu washegari ina ta shirin shan faɗa, abin da ya ce kawai shi ne rubutuna ya yi muni, in riƙa gwadawa.

Bara ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da aka ɗauko makara, ina gaba ta dama, na waiga in ga wanda ya kama ta hagu. Buba ne. Ya sa kafaɗar nan da aka sare, na ga yana cije leɓe, aka ce ya kawo a karɓe shi ya ƙi. Bai san abin da ya faru a ƙofar shagon nan ba, Kawu bai taɓa faɗa wa kowa a ruga ba. Ni na sani, kuma tun daga gida har maƙabarta hawaye bai bar ni na ga hanya ba.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare mu daga ɗaukar alhakin rai, Allah ka tsare shi daga azabarka. Amin.